Takayama da Shirakawa-go da dattijo mai ciwon gwiwa: mu bi bas ɗin yawon buɗe ido ko mu kwana?

Abban Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. In sha Allahu farkon Nuwamba zan raka Baba Nagoya, a ƙasar Japan, wajen ƙanena da ke karatu a can. Baba ya ce shi bai damu da dogayen benaye ba, ƙauye yake son gani, inda tsofaffin gidajensu suke. Na ga kamfanoni na tallata bas da ke tashi daga Nagoya da safe, ya kai mutane Takayama da Shirakawa-go da ɗan jagora, ya dawo da daddare. Ko akwai wanda ya taɓa bi? Baba ya haura saba'in, kuma gwiwa na damunsa.

Ɗan Gifu: Wa alaikumus salam Yaya. Na bi irinsa da baƙi, kuma ba zan ce maka ba shi da amfani ba. Ana ɗaukarka, ana dawo da kai, ba ka neman tasha ba ka karanta allon da ba ka iya karantawa. Amma ka san abin da kake saya. Galibin yinin a cikin mota za ku yi shi. A Takayama a ba ku ɗan lokaci, har da cin abinci a ciki, a Shirakawa-go ma haka. Ɗan jagora ya ɗaga tuta ya yi gaba, wanda ya tsaya ɗaure takalmi sai ya bi da sassarfa. Ga matashi ba komai. Ga Baba kuwa, ina jin tsoro.

Alhaji Mai Motoci: Ƙanena, ka bar maganar bas ɗin nan. Ni a Toyama nake harkata, duk baƙon da ya zo daga gida sai na kai shi duwatsun nan. Manyan motocin yawon buɗe ido a hayin kogi suke tsayawa, sai an tako wata doguwar gada mai lilo, ta fi mita ɗari, kafin a shiga Ogimachi, babban ƙauyen Shirakawa-go. Da tsakar rana gadar cike take maƙil, kowa na ɗaga waya. Amma in ka hau bas na haya daga Takayama, tasharsa a bakin ƙauyen take, ba gada. Minti hamsin ne kawai. Sai dai ka kama kujera tun da wuri, don yawancinsu ba sa ɗaukar wanda bai yi rajista ba, lokacin kaka kuma cika suke.

Maman Ilham: Alhaji ya gama magana. Ni abin da zan ƙara shi ne ku kwana. Shirakawa-go na rana daban, na bayan la'asar daban. Da motocin nan sun watse sai ka ga ashe gari ne na mutane: tsohuwa na kwashe barkonon da ta shanya a gindin bango, hayaƙi na fita ta jinka, ruwa na gudu a 'yan kwatocin gefen hanya da kifaye a ciki. Wasu gidajen masu jinka sun zama masauki, iyalin gidan ne ke dafa muku abinci.

Anti Nas: Maman Ilham, ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. A waɗannan masaukan katifa ake shimfiɗawa a ƙasa kan tabarma, abinci ma a zaune a ƙasa ake ci, banɗaki kuma na tarayya ne. Mai ciwon gwiwa kwanciya ba ta yi masa wuya, tashi ne aiki, balle da asuba cikin sanyin Nuwamba. Abban Sadik, in Baba yana sallah a kan kujera, to ku kwana otal mai gado a Takayama, ku shiga ƙauyen da bas na farko. Kun sami shirun safiya, kun kuma tsira da gwiwa.

Abban Sadik: A kujera yake sallah kam, Anti.

Anti Nas: To shi ke nan. Gado.

Maman Ilham: Na yarda. Amma a tambayi masu masaukin, wasu suna da 'yar gajeriyar kujera ta tsofaffi. Su ma ai tsofaffi sun yi musu yawa.

Magini: Bari in sa baki a kan gidajen kansu, tunda su Baba zai je gani, kada a tsaya a hoto daga waje. Jinkar tsaye take ƙwarai, kusan digiri 60, saboda dusar ƙanƙara da ke zuba a kwarin nan tana iya binne mutum a tsaye. In rufin ya kwanta, nauyin zai karya shi. Kuma duk girman rufin babu ƙusa a jikinsa. Igiyar ciyawa ce da wani ɗanyen reshe mai lanƙwasa ake ɗaure katakan da su, yana bushewa yana ƙara matsewa. In iska ta taso ko ƙasa ta girgiza, rufin ya ɗan motsa ya koma mazauninsa. Murhun da ke tsakiyar ɗaki shi ke riƙe gidan: hayaƙinsa na bi ta tsakanin katakan bene ya hau sama, ya busar da ciyawa, ya kori ƙwari. Shi ya sa in ka hau sama za ka ga igiyoyin sun yi baƙi ƙirin suna sheƙi, in ka taɓa sai ƙaurin ya bi ka.

Benen nan na sama ba na kwana ba ne. Tsutsar alharini suke kiwo a ciki, don ƙasar noma ta yi musu kaɗan. A ƙarƙashin daɓe kuma suna haɗa sinadarin albarushi, musamman a Gokayama, yankin da ke maƙwabtaka da Shirakawa-go, inda suke kai wa sarakunan Kaga na Kanazawa. Duk bayan shekara talatin zuwa arba'in ake sake baibaye gida, kuma bisa al'ada aikin gayya ne, mutum ɗari ko fiye su hau rufi ɗaya su gama gefe guda a yini. Yanzu mutane sun ragu, sau da yawa sai an ɗauko masu sana'ar.

Gidan Wada shi ne babba a cikin waɗanda ake shiga, kuma har yau iyalin na zaune a wani sashe. Amma matakalar sama kusan tsani ce. Baba ya tsaya a ɗakin ƙasa gefen murhu, kai ka hau ka ɗauko masa hoto.

Ɗan Gifu: Malam Magini ya tuna mini. Abin da ya sa ƙauyen ya tsira ma labari ne. Da aka gina madatsar ruwa ta Miboro, wadda aka gama a 1961, wasu ƙauyuka sun nutse, aka kuma riƙa sayen gidajen ana kwancewa ana kai su birane. A 1971 mutanen Ogimachi suka yi alkawari a tsakaninsu: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. A 1995 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da ƙauyukan Ainokura da Suganuma na Gokayama. Cunkoson kuma ya ƙaru ne bayan an gama babbar hanyar da ta huda dutse a 2008.

Alhaji Mai Motoci: Shi ya sa ni nake kai baƙina Ainokura. Gidaje ashirin ne masu jinka, Suganuma kuma tara. Ba shaguna barkatai, ba turereniya. Sai dai motar haya ba ta da yawa, in ba ka da mota a hannu za ka sha jira. Ku da kuke da dattijo ku tsaya a Ogimachi. Akwai ƙaramin bas da ke hawa da mutane kan tudun da ake hango ƙauyen duka, kada ka bari Baba ya taka.

Sabon Shiga: Ni ba wanda ya ambaci Magome da Tsumago? A ganina sun fi duk waɗannan.

Ɗan Gifu: Sun yi kyau, amma wata hanya ce daban, kwarin Kiso. Kada a haɗa su da Takayama a yini ɗaya.

Sabon Shiga: Ban ce a haɗa ba. Amma Abban Sadik, ka ware musu rana. Zangon fatake ne a tsohuwar hanyar Nakasendo da ta haɗa Edo, wato Tokiyo ta yanzu, da Kiyoto, zango 69 ke kanta. Daga Magome zuwa Tsumago kilomita takwas ne a ƙafa cikin daji, wajen awa uku in ba ka sauri. Ka fara daga Magome, hawan ya fi gajarta. A hanya akwai ƙararrawa da aka kafa jefi-jefi, kana wucewa ka buga don dabbar nan beyar ta ji motsinka ta kauce. Bayan ka gangaro daga ƙololuwa akwai wani tsohon gida da ake ba matafiya shayi, ka jefa abin da ya sawwaƙa a akwati. Jakarka ma ofishin baƙi na Magome zai kai maka ita Tsumago, in ka ba su da safe, har zuwa ƙarshen Nuwamba suna yi.

Anti Nas: Kilomita takwas da mai ciwon gwiwa? Haba ɗana.

Sabon Shiga: A'a Anti, shi da ƙaninsa nake nufi. Baba ya hau bas.

Magini: In da Baba ne, a bar Magome gaba ɗaya. Garin a kan gangare yake, daɓen duwatsu daga ƙasa har sama. Tsumago ta fi shimfiɗuwa, kuma ni ta fi kwanta mini. Tun 1968 suka fara gyaran gidajen, an ɓoye wayoyin lantarki daga babban titi, mota ba ta shiga da rana. Ku shiga gidan nan na Okuya da aka sake ginawa a 1877 da katakon hinoki. A zamanin sarakunan Owari an hana talaka sare wannan itace, hukuncin har kisa yake kaiwa, to da aka ɗage dokar sai mai gidan ya huce haushinsa a ginin. Jirgin ƙasa daga Nagoya zuwa tashar Nagiso, sai ɗan gajeren bas.

Maman Ilham: Ku dawo kan abinci, don nan ne wahalar take. Abban Sadik, taliyar ramen ta Takayama ka tambaya kafin ka zauna, yawanci akwai yankan alade a kai. Naman shanun Hida da ake ta yabo, in ba wurin da ya rubuta halal ba, ni ba na ci. Akwai 'yan gidajen abinci a Takayama da ke kula da Musulmi, ofishin baƙi da ke gaban tashar jirgi zai nuna maka. Abin da ya fi ɓuya shi ne giyar girki, mirin da sake, suna zuba ta a miya kamar ba komai. Ka sa ƙaninka ya rubuta maka da Japananci a takarda: ba alade, ba giya ko a cikin miya. Suna girmama takarda. Kifin kogi gasasshe da gishiri kawai, shinkafa, awara, wannan ba fargaba. Akwai kuma miso, wato kwaɓin waken soya, da suke gasawa a kan busasshen ganye da albasa, ɗanɗanonsa na kusa da daddawa, Baba zai so shi, amma shi ma a tambaya me aka haɗa.

Alhaji Mai Motoci: Ni dai kullum da kilishi da garin kunu a jakata nake so in ce, amma kada ka kuskura ka shigo da kilishi Japan. An hana shigo da nama, karnuka ne ke shinshina kaya a filin jirgi, tarar kuma ba ta wasa ba ce. Garin kunu da yaji, ka bayyana su a kwastan.

Ɗan Gifu: Sallah kuma: masallaci akwai a Nagoya, akwai a birnin Gifu, akwai a Kanazawa. A cikin duwatsu kada ka sa rai. Farkon Nuwamba rana na faɗuwa kafin biyar, la'asar na shigowa da wuri, to ku yi niyyar matafiya ku haɗa. Ruwan famfon waje sanyinsa na yanka hannu, Baba ya yi alwala a otal ya sa safa mai kauri. Wankan ruwan zafin nan nasu na tarayya, tsirara ake shiga, in kuna so ku nemi wurin da ke ba da ɗakin wanka na iyali a kulle.

Abban Sadik: Allah Ya saka da alheri. Ga abin da na tsara: jirgin ƙasa daga Nagoya zuwa Takayama, mu kwana otal, da safe Shirakawa-go, mu dawo mu sake kwana. Tsumago wata rana daban in Baba bai gaji ba. A Takayama kanta me za mu gani wanda ba tafiya da yawa?

Maman Ilham: Kasuwar safe ta bakin kogin Miyagawa, ana watsewa da tsakar rana. Tsofaffin mata ne ke sayar da tuffa da kayan tsami, za su yanka su miƙa maka ka ɗanɗana. Daga nan tsohuwar unguwar 'yan kasuwa, Sanmachi, taku kaɗan ne. In ka ga ƙwallon ganye babba a rataye a ƙofar shago, gidan giya ne, kada Baba ya ɗauka wurin shayi ne ya shige.

Magini: Da Takayama Jinya, ofishin gwamnan da shogun, wato shugaban mulkin sojan Japan na wancan zamani, ke turowa tun da ya karɓe yankin a 1692 saboda katako da ma'adinai. Irinsa shi kaɗai ya rage a ƙasar. Akwai rumbun shinkafar haraji, akwai ɗakin da ake tuhumar masu laifi. Ana cire takalmi a zuba a leda, daɓen kuma da sanyi, safar nan dai. Bikin kekunan ado na garin 9 da 10 ga Oktoba ake yi, kun rasa shi, amma ana ajiye wasu daga cikinsu a wani zaure kusa da wurin bautar Hachiman duk shekara.

Ɗan Gifu: Jirgin sunansa Hida, awa biyu da rabi ne daga Nagoya, ku nemi kujerar taga don kogi yake bi. Kada ka sayi babban tikitin jirgin nan na ƙasa baki ɗaya saboda wannan tafiya, a Oktoban 2023 aka mai da na mako ɗaya yen 50,000, ba za ku ci kuɗinku ba.

Alhaji Mai Motoci: Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati. Ka riƙe leda ta shara, babu kwandon zubarwa a ƙauyen. In akwai mai shan taba a cikinku, sai a wurin da aka keɓe, gari ne na ciyawa. Ranar da za ku shiga Shirakawa-go ka faɗa mini a gefe, in ba ni da lodi a tashar jirgin ruwa zan gangaro da mota in kai Baba Ainokura.