Me za mu kira dial-up da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara darasi kan tarihin intanet, gobe da safe zan miƙa. Ina neman Hausar "dial-up", da kalmar da ta dace idan layin ya ɗauke ana tsakiyar aiki.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ce intanet ta layin tarho. Modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, shi ke buga lamba kamar mai kiran waya, gudunsa ba ya wuce 56k, wato kilobit 56 a daƙiƙa. Ta biyun kuwa kalma biyu kike bukata. Idan wani ya kira layin, ƙarar jiran kira ta shigo, modem ya daina jin sautin ɗan'uwansa na kamfanin intanet, sai ya ajiye. Wannan tsinkewa ce. Maganinta a kashe jiran kira kafin a buga. A Amurka ana sa *70 da waƙafi kafin lambar. Ko a ƙara wa modem haƙuri: S10, wato saitin tsawon jiran da modem zai yi idan sautin ya ɗauke, tana ƙirga kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, yawanci tana kan 14, a rubuta wa modem umarnin ATS10=50, daƙiƙa 5 ke nan. Amma idan Windows ce ta rufe saboda an yi minti 20 ba a taɓa komai ba, wannan katsewa ce, kuma a saiti ake kashe ta.

Ɗan Katsina: Intanet ta layin tarho ya yi tsawo, kuma ADSL ma, wato intanet mai sauri da ba a buga lamba, ta wannan layin take bi. Ku ce bugi-shiga.

Malamar Hausa: Bugi wa? Mai sauraro zai zaci dambe ake. Kuma me ya sa muka bar "modem" haka? Mu ce na'urar sauya sauti.

Ɗan Katsina: Malama, ai tarho ɗin ma aro ne. Sai abin da aka buga wa hatimi a Kano ne Hausa?

Malamar Hausa: Ba wanda ya ambaci Kano, Malam.

Injiniya: Maganar ADSL gaskiya ce. A kan tsinkewa kuma, Hajiya, ki ƙara da shashshakar layi: tsatsa a mahaɗa, doguwar waya, ko faks da wani tarho a layi ɗaya. A cire su. Idan bai daina ba, a sauko da gudun zuwa 33.6k da umarnin AT+MS=V34, ya fi zama daram.

Mai Fassara: Na ɗauki tsinkewa da katsewa. Zan rubuta "intanet ta bugun tarho", modem kuma ya zauna yadda yake. Na gode.

Ɗan Katsina: To, an dai ɗauki bugun nawa. A ajina bugi-shiga zan ci gaba da cewa.