DT175 ɗina ba ya sauka idan na saki totur, wane jet zan saya?

Mai DT na Gwale: Assalamu alaikum jama'a, a taimaka da shawara. Na sayi mashin Yamaha DT175 a hannun wani a Jos lokacin zafi na kawo shi Kano, lafiya lau yake tafiya, to tunda sanyin nan ya shigo sai ya canza hali, idan na saki totur injin baya sauka nan take sai ya yi ta kuka sama sama kafin ya dawo silo, in kuma na buɗe masa wuta gaba ɗaya a giya ta ƙarshe ina jin wani ƙas ƙas a kan silinda. Fulogi fari tas. An cire masa famfon mai tun kafin na saya, a tanki nake haɗa 2T. Wane jet (ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi a cikin kafireta) zan saya kuma wace lamba?

Dan Rijiyar Lemo: Wslm. Ka ƙara babban jet kawai oga, iska ce ta fi mai yawa, shikenan

Baba Injiniya: A'a ƙanina kar ka sa shi kashe kuɗi tukuna. Eh iska ta yi yawa amma daga ina take shiga? Babban jet aikinsa daga kashi uku cikin huɗu na totur ne zuwa ƙarshe, ba ruwansa da silo. Wannan ƙin saukar ko dai ƙaramin jet ne ya toshe ko kuma akwai inda injin ke zuƙar iska ta bayan fage. Mai DT, da farko dai ka daina buɗe masa wuta har sai an gyara, ƙas ƙas ɗin nan shi ke huda fistin.

Mai DT na Gwale: To Baba na daina. Ina zan duba?

Baba Injiniya: Tunda kace an cire Autolube, wato famfon 2T ɗin, nemi ɗan bakin da siririn tiyon mai yake shiga a da, ka gani an toshe shi da kyau ko kuwa tsinke aka cusa aka tafi, yara da yawa haka suke yi kuma robar da suke rufewa da ita rana na fasa ta. Sannan robar da ke riƙe kafireta, lanƙwasa ta da hannu ka ga ko ta tsage. Ka tayar da mashin yana silo ka fesa maganin wanke kafireta kaɗan a gindin robar da gaskit na ƙasan silinda, in kukan injin ya canza to ka kama ɓarawo. In duk ba nan bane a buɗe gefen magneto a duba oyil sil, wato robar da ke tare mai da iska, na kiransha. Na hagu in ya mutu iska yake ja, na dama in ya mutu man giya yake ja sai kaga hayaƙi ya ƙi ƙarewa man giyabos na raguwa.

Ibro Terminus: Ni dai nan Jos nake kuma ina ganin Dan Rijiyar Lemo bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, Kano ko 500 bata kai ba, bambancin kaurin iska ya kai wajen kashi 7 ko 8 cikin 100. Mu nan masu hawa duwatsu da yawa muna rage jet saboda in ba haka ba mashin ya dinga tari yana jiƙa fulogi. In mai shi na da ya rage, ka sauko dashi ƙasa, dole man ya yi masa kaɗan. Abin da ya rufa maka asiri lokacin da ka saya zafin Kano ne, iska mai zafi ba ta da kauri sai ta ɗan cike gurbin, yanzu da hunturu ya zo iskar asuba tayi sanyi tayi nauyi shine abin ya fito fili. Ga kuma 2T da kake zubawa a tanki, ta cikin jet ɗin yake bi shima, wato ya ci wani kaso na gurbin fetur. Abu uku kenan duk gefe ɗaya suke turawa

Baba Injiniya: Ban musa ba Ibro, ƙila a ƙarshe sai ya ƙara jet ɗin. Amma in akwai ɓula ka rufe ta da babban jet, yau ya yi daidai gobe ɓular ta ƙaru.

Dan Rijiyar Lemo: To ni bakanikena da allurar ɗinki yake ɗan buɗe ramin kuma yana aiki wlh

Ibro Terminus: Haba malam 😂 jet tagulla ne, da ka sa masa ƙarfe ramin ya tashi daga da'ira, lambar da ke jiki ta zama ƙarya, kuma ba a mayar dashi. A jiƙa a fesa a hura da iska, in ya ƙi a sayi wani

Moussa Agadez: Salam alaikum. Mu nan cikin rairayi abin da nake gaya ma kowa shine gara mai ya ɗan yi yawa. Moto mai sanyaya da iska kamar DT in ya shiga yashi totur a buɗe yake, tafiya kaɗan, iska bata bugun silinda sosai, man nan da ya ɗan yi yawa shi ke sanyaya kan fistin. Buji, wato fulogi, in ya yi baƙi ka goge ko ka sa wani, ina yawo da biyu a aljihu kullum. Kuma ka duba soson iska, da yawa suna wanke shi da fetur su maida shi busasshe, ba mai a jiki ƙura na wucewa iska ma na wucewa fiye da ƙima. A shafa mashi mai a matse, kar a murɗe.

Mai DT na Gwale: Soson nawa ma ya fara marmashewa gaskiya. To in na gama da waɗannan ta ina zan fara saitin?

Baba Injiniya: Sabon soso tukuna, sai ka duba fulot, abin da ke tsayar da yawan mai a kofin kafireta, kar man cikin kofi ya yi ƙasa, sannan ka hau mashin ya yi zafi sosai, ba a saiti da injin sanyi. Fara da sukurun iska, ɗaure shi a hankali har ya zauna, kar ka matse, ka kwance zagaye ɗaya da rabi. Daga nan kana juyawa kwata kwata kana jira kana saurare, inda kukan ya fi tashi kuma totur ya fi amsawa nan ne wurin. In sai da ka wuce zagaye biyu da rabi, ƙaramin jet ya yi girma. In kuma yana so a ɗaure ƙasa da zagaye ɗaya, ya yi ƙanƙanta, naka ina zargin nan zai faɗa. Bayan shi allura, tana da gaɓa biyar, ka sauko da kilif gaɓa ɗaya allurar ta ɗaga mai ya ƙaru a tsakiyar totur, mutane na juya wannan a kai sosai. Babban jet shine na ƙarshe. Abu ɗaya ake canzawa a hau a ji, in ka canza uku lokaci guda ko ya gyaru baka san wanne ya gyara ba. Ka manna salatif a hannun totur ka yi alamar kwata, rabi da ƙarshe, don ka san a ina yake shaƙewa.

Ibro Terminus: Kan babban jet, fara cirewa ka karanta lambar da ke jiki, ka sayi biyu ko uku na sama da ita, fara da mafi girma. In a ƙarshen totur yana bururu yana ƙin wucewa ka sauko mataki ɗaya har ya washe, ka tsaya nan. Gwajin fulogi kuma da sabo ake yi, NGK B8ES, hanya miƙaƙƙiya totur a buɗe, ka kama kulochi ka kashe injin lokaci guda kar ka bari ya yi silo, sai ka cire ka leƙa can gindin farin. Kalar shayi da madara ake nema

Dan Rijiyar Lemo: Akwai wani abokina mai YZ250 yana da jet 178 zube a gida, in karɓo masa?

Ibro Terminus: Ba zai yi ba. Kafiretar YZ250 ƙirar Keihin PWK ce, ta DT kuma ƙirar Mikuni. Keihin lambarsu faɗin rami ce, 178 wato milimita 1.78, su kuma jet ɗin Mikuni masu kusurwa shida yawan man da ke wucewa suke ƙirgawa, shi yasa zaka ga YZ125 na kafin 2022 mai ƙaramin inji da jet ɗari huɗu da wani abu. 

Hajiya Mai Fayis: Ina karantawa tun ɗazu. Masu zuwa shagona neman jet abin da nake ce musu su zo da tsohon a hannu, kuma su duba tambarin Mikuni kusa da lamba. Na cikin kwalin nan masu araha guda goma goma, zaka ga biyu lamba ɗaya rami daban. Sannan ɗana, nawa kake zuba 2T ɗin? Baka faɗa ba.

Mai DT na Gwale: Hajiya da murfin gora nake aunawa, wani lokacin in babu 2T in sa baƙin mai

Hajiya Mai Fayis: Innalillahi. Baƙin mai ba don ƙonewa aka yi shi ba, gawayi zai tara maka a kan fistin da salansa, gawayin ma kansa yana kawo ƙas ƙas ɗin da kake ji. Je kemis ka sayi sirinji babba. 32:1, wato fetur kashi 32 2T kashi 1, kusan mil 31 ne a lita, 40:1 mil 25. Zaɓi ɗaya ka zauna a kai kafin ka taɓa jet, ka nemi 2T mai rubutun JASO FC ko FD a jiki, wato alamar matakin ingancinsa. Fetur kuma daga gidan mai, ba na bumburutu ba, a kalla ranar gwaji.

Moussa Agadez: In famfon Autolube ɗin na nan a wajen wanda ya sayar maka ka karɓo, in an saita shi daidai ba abin da yake yi, cire shi da ake yawanci tsoro ne kawai

Baba Injiniya: Nan kam ban bi ka ba Moussa, famfon da ya shekara a kwali ba a san halinsa ba, ya ci gaba da haɗawa a tanki. Mai DT turo hoton wurin da aka toshe da lambar jet biyun idan ka buɗe, kafin ka je wajen Hajiya.

Mai DT na Gwale: To Baba, gobe in sha Allah bayan azahar zan kwance. Sukudireba kawai ya isa ko sai da sifana?

Ibro Terminus: Babban jet ƙaramar sifana 6 yake so, ƙaramin kuma siririn sukudireba mai faɗin baki wanda ya cika tsagar, in ya yi sako sako zai cinye kan