Tayoyin Corolla sun fara tsagewa: in sayi sababbi biyu ko Beljiyam huɗu?

Ɗan Bukuru:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Corolla ce ƙirar 2010, lambar tayoyinta 195/65 R15. Kusan duk wata tana sauka Abuja daga Jos ta Hawan Kibo, ta Akwanga da Keffi, ta dawo. Tayoyin gaba sun cinye ta ciki, ta waje kuwa zanen yana nan, na baya kuma gefensu ya fara ƙananan tsage-tsage. Idan gudu ya kai 100 sitiyari yakan yi rawa. Kuɗin da ke hannu ba zai sayi sababbi huɗu ba: ko dai sababbi biyu, ko Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su, huɗu masu zane. Mai faci ya ce in koma 205/65 don motar ta ɗan tashi daga ƙasa, kuma kullum 45 yake busa mini. Wanne ya fi, kuma me zan duba kafin in biya kuɗi?

Bakaniken Farin Gada:

Wa'alaikumus salam. Malam, kafin maganar saye, cin da tayar gaba ta yi ta ciki kaɗai ba laifin taya ba ne, ƙafar motar ce ta goce. Idan ka ɗaura sabuwa a haka, ita ma haka za ta cinye tun kafin ka ci moriyarta. A ɗaga motar a jak, a kama tayar ta hagu da dama a girgiza. In akwai wasa, tayarod ne, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa. A sake kamawa sama da ƙasa. In ta yi ƙwas-ƙwas, a duba boljoyin ko boris. A leƙa bushin ɗin ƙafa ko ya yage. Duk abin da ya mutu a canza shi tukuna, sannan a yi alaimen, wato daidaita tsayuwar ƙafafun. Yin alaimen a kan tayarod mai wasa zubar da kuɗi ne, ramin farko da ka faɗa zai warware shi.

Yadda taya ta cinye shi ke gaya maka ciwon. In tsakiya ce ta riga cinyewa, iska ta yi yawa. In gefe biyu ne suka cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. Gefe ɗaya kaɗai, alaimen. In ka shafa hannu ka ji tudu da kwari a kewaye, shokazoba ta gaji tana barin taya tana tsalle a kan kwalta. Rawar sitiyari da ke zuwa tsakanin 90 da 110 yawanci rashin balansin ne, wato nauyin taya bai daidaita a kewaye ba, ko wili ya lanƙwashe a rami. In kuwa sai an taka birki rawar take zuwa, wannan faifan birki ne, taya ba ruwanta.

Sai maganar 45. Wannan ya yi yawa ƙwarai. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da ta faɗi iskar da kamfani ya tsara wa motar. Irin taka ba ta wuce 30 zuwa 33 a ma'aunin iska na PSI. Lambar 44 ko 51 da ke rubuce a gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, ba abin da za a riƙa tafiya da shi ba, kuma daga nan masu faci da yawa suke ɗaukar lissafinsu. Iska mai yawa tana rage faɗin robar da ke taɓa ƙasa, birki ya yi tsawo, mota ta riƙa dukan ƙafa a kowane rami. Ka sayi gejinka ka ajiye a mota, domin na bakin titi ya sha faɗuwa a ƙasa, ba kowane ne yake faɗin gaskiya ba. Ka auna da safe kafin motar ta yi tafiya, duk mako biyu, da kuma ranar doguwar tafiya.

Injiniya Apo:

Oga na Farin Gada ya gama da ƙafa, bari in ɗauki maganar saye.

A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu cikin ɗan zagaye mai tsawo. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wani lokaci a fuska ɗaya kawai ake buga su, sai an juya tayar. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC shekara huɗu take ƙirgawa daga wannan ranar, kuma da shi jami'anta suke aiki a hanya. Kamfanonin taya sun fi sassauci: Michelin na cewa daga shekara biyar a riƙa kai wa masani yana dubawa duk shekara, a goma kuma a cire ko da zanen yana nan. Amma tayar da ke kwana a rana, tana shan zafin kwaltar Keffi da ramuka, ba za ka ba ta lissafin wadda ke kwana a gareji a Turai ba. Sabuwa ma ka duba mata ranar. Akwai wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba amma ta shekara uku a shago, lulluɓe da leda tana sheƙi.

Sauran rubutun ma yana da amfani. 195 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 15 kuma girman wili a inci. Bayansu za ka ga kamar 91H. 91 ɗin nauyi ne, kilo 615 kowace taya. H kuma gudu, har kilomita 210 a awa. T 190 ne, V 240. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke takardar ƙofa, musamman lambar nauyi. Sannan nemi inda aka rubuta TEMPERATURE: A ta fi jure zafi, B tana biye, C ita ce ta ƙarshe. Don hanyarmu, A ko B.

Yanzu Beljiyam. Shigo da tayoyin ƙananan motoci da aka yi amfani da su yana cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta, shi ya sa ba wanda zai ba ka takardar garanti a kansu. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take, mai kyau da mara kyau a kasuwa ɗaya. Matsalar ta hannu ba a zanen take ba, a abin da ido ba ya gani take. Don rage kuɗin jigila ana cusa taya uku ko huɗu cikin ɗaya, a danne su da ƙarfi. Wayar bakin taya da ke kama wili takan lanƙwashe, zaren gefe ya karye a ciki. Wasu kuma tayoyin ƙanƙara ne, za ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, zanensu cike da ƙananan yanka. Robarsu mai laushi ce, an yi ta don sanyin da ya gaza digiri 7, a zafinmu kuwa nan da nan take cinyewa. Zanensu ne ya fi kowanne kyau a ido, shi ya sa suke saurin shiga hannun mai saye. Akwai kuma wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi, da wadda aka goge ranar aka buga sabuwa. In ka ga wurin lambobin huɗun ya fi sauran jikin santsi ko launinsa ya bambanta, ajiye ta.

Ra'ayina: sababbi biyu yanzu, biyu in hali ya yi. Ba dole sai mai babban suna ba, matsakaiciya sabuwa mai ranar bana ko bara ta fi tsohuwar babban kamfani da ba ka san tarihinta ba.

205/65 kuwa za ta shiga wilinka, amma kada ka sa rai da wani tashi. Tsayin 195/65 R15 gaba ɗaya kusan milimita 635 ne, na 205/65 kusan 648, wato motar za ta tashi da abin da bai kai milimita 7 ba. Agogon gudu zai riƙa nuna 100 kana kan 102. In motar tana gogar ƙasa da lodi, sifirin da shokazoba za a duba. Abin da ba a yi shi ne haɗa girma biyu daban a gaba ko a baya.

Direban Jos-Abuja:

Injiniya, na yarda da kai a komai, sai dai ka bar abu ɗaya: ina za a ɗaura sababbin biyun? A tasha kowa gaba yake sawa, saboda Corolla da gaba take ja, a nan injin yake, a nan sitiyari yake, kuma fashewar tayar gaba a gangaren Hawan Kibo ba abin wasa ba ne.

Ƙari a kan iska ga mai bin wannan hanya. Jos tana sama da mita 1,200, kuma da asubar hunturu sanyi yakan sauke iskar taya. Duk digiri 5 zuwa 6 da yanayi ya sauka, kusan PSI ɗaya ke raguwa. Ka daidaita ta a sanyin safiya, kafin ka kai Akwanga za ka ga ta hau da 3 ko 4 saboda zafin tafiya. Wannan daidai ne, kada ka bari wani ya sace maka ita a hanya wai don kada ta fashe. Ƙarancin iska ne ya fi fasa taya: gefenta yana ta lanƙwashewa yana miƙewa, zafi ya taru, roba ta rabu da waya. Haɗa wannan da buhunan dankali a but da mutum biyar a ciki, ka ga inda ake samun matsala.

In Allah ya kawo tsautsayi ta fashe ana gudu, kada ƙafa ta je birki. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a miƙe, a sassauta totur a hankali, sai gudu ya ragu sosai a taɓa birki a gangara gefe.

Injiniya Apo:

Alhaji, na san haka ake yi a tasha, amma kamfanonin taya baya suke cewa a sa sababbi, ko da motar da gaba take ja. Dalilin ruwan sama ne. In gaba ta zame a kwana, direba yana ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa motar ta dawo. In baya ce ta zame, gindin motar ne zai juyo, kuma ba kowane direba ne zai iya tare wannan ba. Damina a Filato kuwa ba gajeriya ba ce.

Sai dai a wannan motar akwai abin dubawa kafin a yanke. Na baya da za a mayar gaba su ne masu tsagewa. Ɗan Bukuru, karanta ranarsu, ka lanƙwasa gefen da yatsa ka ga zurfin tsagar. In gashi-gashi ce a sama kuma ba su wuce shekara huɗu ba, su koma gaba na ɗan lokaci. In tsagar ta buɗe har ana hango zare, ko akwai kumburi ko da kamar ƙwan kaza ne, ba su da wurin zama a gaba ko a baya, kuma a rage doguwar tafiya har a haɗa kuɗin huɗun. Kumburi zaren ciki ne ya tsinke, ba a facinsa.

Zurfin zane kuma akwai ma'auninsa a jikin taya. Cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu da aka gitta, wurin da aka sa alamar TWI ko ɗan triangul a kafaɗa. Tsayinsu milimita 1.6. Ranar da zane ya yi daidai da su, tayar ta ƙare. Sabuwa tana zuwa da 7 zuwa 8, kuma da ta sauka ƙasa da 3 ba ta iya korar ruwa yadda ya kamata.

Ɗan Bukuru:

Allah ya saka da alheri. Na duba, na baya 4118 ne, ashe sun daɗe da wuce lokaci. Ɗaya daga cikin na gaba kuma tana da faci biyu na igiyar nan da ake turawa daga waje. Zan iya mayar da ita safaya? Kuma me zan tsaya a kai ranar ɗaurawa?

Bakaniken Farin Gada:

4118 ƙarshen 2018 ke nan, waɗannan su za a fara cirewa. Sababbin su hau baya, na gaba a musanya su da zarar an samu hali, bayan an gyara ƙafa.

Igiyar waje ta kai ka gida ce kawai. Facin ƙwarai sai an cire taya daga wili, a duba cikinta, a kankare wurin, a sa facin da ke da ƙafa mai toshe ramin ta ciki. Ramin kada ya wuce milimita 6, kuma ya zama a tsakiyar zane. Na kafaɗa ko na gefe ba ya faci. Facin wuta da ake ɗora ƙarfe mai zafi a kai na tiyub ne, a tubles yana ƙona roba ya raunana waya. In an buɗe taka aka ga garin roba baƙi a ciki, an taɓa tafiya da ita a sace, kada ta zama ko safaya. In cikinta lafiya kuma facin biyu ba su kusa da juna, a sake su ta ciki, za ta yi.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A canza bawul tare da taya. In motarka ta Amurka ce, a gindin bawul ɗin akwai na'urar da ke kunna fitilar iska a dashbod, ƙarfen mai faci yana karya ta cikin sauƙi, don haka gara wurin da ke da injin cire taya. A goge tsatsar bakin wili, a shafa ruwan sabulu, ba baƙin mai ba, domin mai yana cin roba. In akwai kibiya a gefen taya ta kalli gaba, in an rubuta OUTSIDE ya kasance a waje. A yi balansin duka. Noti a fara ɗaura su da hannu, a bi su tsallake-tsallake, ba a jere ba. Na Corolla 103 Nm ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ba sai yaro ya hau kan wil-sifana yana tsalle ba, haka ake tsinke bol. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake taɓa su.

In huɗun sun cika, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a juya su: na gaba su koma baya a ɓangarensu, na baya su tsallaka su zo gaba, sai dai masu kibiya, su ba sa canza ɓangare. In safayarka siririyar nan ce da ke zuwa da motar, 60 PSI take sha, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita.