Kabewata ta tsage ta cibiya, a taimaka da shawara

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Bana na gwada irin ƙatuwar kabewar nan, Atlantic Giant, a bayan gidana a nan Kanada. Kwana 35 da barbarar furen, har ta wuce gwiwata. An yi sati ba ruwa, shekaranjiya kuma aka kwana ana tafka shi. Da safe sai na ga tsaga a cibiyarta, inda furen ya faɗi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Baba Mai Fadama: Wa alaikumus salam. Sannu ɗana. Mu ma kankana da tumatir haka suke mana. In shuka ta sha ƙishi, sannan ta samu ruwa lokaci guda, ciki sai ya riga ɓawo girma, ɓawon ya fashe. Ba iri ne ya cuce ka ba, ban ruwa ne. Kullum kaɗan-kaɗan, ƙasa ta zauna da laima.

Maman Sadik: Yaya, fara duba zurfinta. Ka sa tsinke mai tsabta a hankali. In ya tsaya a tsoka, da sauran magana. In ya zarce har ramin da 'ya'ya suke, iska ta shiga, ruɓewa za ta biyo baya, kuma a gasar awon nauyin manyan kabewa ba sa ƙirga wadda ta huje har ciki.

Baban Ilham: Na gwada, bai zarce ba. Alhamdu lillahi.

Maman Sadik: Madalla. To ka goge wurin da ruwan da aka ɗiga wa bilic kaɗan (ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta), ka barbaɗa garin farar wuta, ka kunna mata fanka dare da rana har bakin ya bushe. Kada ka liƙe da komai, danshi ne abokin gaba. Ka dakatar da taki mako guda, musamman yuriya. Irin nan a ganiyarsa yana iya ƙara kilo 15 a rana, ka ga tura shi da taki neman fashewa ne.

Ɗan Jos: Ni ta wuya tawa ta tsage bara, inda ta haɗu da yaɗo. Tana tashi sama, yaɗon kuma saiwa ta riƙe shi a ƙasa, sai ya ja. Ka yanke ƙananan saiwoyin gaɓa biyu ko uku kowane gefe, yaɗon ya samu sakewa.

Baba Mai Fadama: Kuma ka zuba mata yashi a ƙasa tun tana ɗaguwa, ka rufa mata farin zane saboda rana na ƙona ɓawo. Amma wai har ina take kaiwa?

Maman Sadik: Baba, a 2023 wani ɗan Amurka, Travis Gienger, ya kai wadda ta auna kilo 1,247. Irin kuwa manomin Kanada ne, Howard Dill, ya tace shi shekara da shekaru.

Baba Mai Fadama: Ikon Allah! Guda nawa ka bari a jikin shukar, ɗana?

Baban Ilham: Biyu ne Baba. Na so cire ƙaramar tun makon jiya.

Ɗan Jos: Kada ka cire yanzu. Tana rage wa babbar ƙarfin ruwa, kuma in waccan ta ƙi warkewa kana da madadi. Bari tsagar ta bushe tukuna.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. Fanka na kunne, zan turo hoto ranar Juma'a in sha Allah.