Taƙaitawar shawarwari kan ziyarar Gandun Dajin Kakum

Ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu kan Kakum, kurmin da ke arewa da Cape Coast a Ghana.

1. Kusan kowa ya amince a isa da sassafe, domin da hantsi gadar igiyar da ke rataye tsakanin dogayen bishiyoyi, mai tsawon kimanin mita 350, takan cika da ɗalibai, hayaniya kuma tana korar tsuntsaye da birai.
2. A sa rufaffen takalmi, kada a yar da leda.
3. Ra'ayi ya rabu kan kwana a dajin: wasu sun ce da dare aka fi jin motsin namun daji, wasu kuma sun koka da sauro. Ina goyon bayan na farko.
4. Da wuya baƙo ya ga giwa, domin tana can tsakiyar kurmi.