Wai Hausawa ba su da labaran da za a yi wa wasa? Muhawarar daren Asabar a zauren masu karatu na Katsina

Nura: Salamu alaikum jama'a. Tun da na dawo daga zaman yau nake ta tunani. Awa biyu muka yi muna buga Catan, wasan allon Turawa da Ummi ta kawo, sauran lokacin kuma yara suna gardamar wane gida za a saka su da a makarantar Harry Potter suke. Bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai: mu Hausawa ba mu da irin waɗannan labarai, ba mu da irin waɗannan wasanni. Gizo da Ƙoƙi muke da su, minti biyar an ce ƙurunƙus. Shi ya sa yaranmu suka koma wa na Turawa, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Anti Hadiza: Wa alaikumus salam. Nura, da daren nan ka tsokano tsuliyar dodo. Bari Baba ya idar da shafa'i da wutiri.

Baba Malam: Na idar. Ɗana Nura, a Katsina kake zaune kana wannan magana? A 1933 aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai ta Hausa, wadda Rupert East ya shirya daga Zariya. Abubakar Imam yana malami a makarantar Midil ta garin nan lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, shekarunsa ashirin da biyu, bai ma kai ka ba. Labarin mutum ne da ya bazama duniya neman wani ruwa mai magani, ya haɗu da aljanu da abubuwan al'ajabi. Yayansa Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki, jarumin da ya kai har ƙasar aljanu yana yaƙi. Littafi biyu cikin biyar da aka buga daga gasar, gida ɗaya suka fito. Na J.K. Rowling, marubuciyar Harry Potter, na farko sai 1997.

Nura: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, na san su. Amma a aji na san su, da bulala a hannun malami. Ban taɓa ganin yaro ya hana kansa barci don Ganɗoki ba.

Baba Malam: Mu mun hana. Da fitilar ƙwai.

Ummi: Baba a yi mini afuwa, ina ganin Yaya Nura yana da ɗan gaskiya, sai dai ya ɗauko ta ta wutsiya. Ni abin da ya riƙe ni a littattafan can ba sihirin ba ne. Littafi bakwai ne, daga 1997 zuwa 2007, yaran cikin labarin suna girma kana girma tare da su. In ka gama sai ka tarar da dubban mutane a intanet suna jiranka: wani ya zana taswira, wata ta rubuta ci gaban labarin da kanta, wasu suna faɗa kan wane ne mugu na gaske. Da na gama Ruwan Bagaja na rasa wanda zan tambaya ko shi ma Malam Zurƙe ya fi burge shi a kan Alhaji Imam. Na tambayi wata ƙawata, sai ta ce ai ba zai fito a jarrabawar bana ba.

Anti Hadiza: Wannan kam laifinmu ne mu malamai, ba zan kare kaina ba. Mun mayar da littafin dariya abin haddar "kawo jigo da warwarar jigo".

Kabir Daura: Ku tsaya. Maganar cewa ba mu da masu bibiyar labari ma ban yarda da ita ba. Ina kuka bar littattafan yaƙi? Waɗanda ake bugawa a Kano, na sadaukai da matsafa da birane masu ganuwar ƙarfe, littafi na ɗaya har na huɗu ko fiye. Muna sakandare layi muke bi a shagon hayar littafi, kuma in wani ya riga ka karɓar na uku sai ka bi shi har gida. Mun sha yin musu a kan wane sadauki zai kayar da wane, har da zanen takubba a bayan littafin lissafi. Yanzu ma ku duba YouTube ku ga masu karanta su da murya, ku ga yadda ake cacar baki a ƙasan kowane kashi. Matsalar ita ce 'yan boko ba sa ƙirga wannan a matsayin karatu. In yaro ya riƙe na Turanci a ce yana da ƙwazo, in ya riƙe na yaƙi a ce ya lalace.

Nura: Waɗancan ai kwaikwayon finafinan Indiya da labaran Larabawa ne. Sunayen ma ba namu ba.

Baba Malam: To Magana Jari Ce fa? Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya sa su a bakin aku, kuma ba wanda ya karanta ya ji baƙon abu. Ludon da kuke bugawa ma daga wasan Indiya mai suna Pachisi Turawan Ingila suka samo shi, suka yi masa rajista a ƙarshen ƙarni na 19. Kowa aro yake yi, ɗana.

Nura: To na bar labarai a gefe. Wasa fa? Me muke da shi da zai tsaya kusa da Catan? Can kana tara itace da bulo da ulu da hatsi da tama, kana ciniki da abokan wasa, kana gina hanyoyi har ka kai maki 10.

Kabir Daura: Dara.

Nura: Wasan tsofaffi a gindin bedi?

Baba Malam: Ka taɓa zama an ci ka? Gida 30 ake haƙawa a ƙasa, layi 5 na gidaje 6. Kowa da 'ya'ya 12, wani tsinke wani dutse. Da farko ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin dashe ba. Sai an gama a fara tafiya gida ɗaya-ɗaya, ba a tafiya a karkace. Duk sa'ad da ka jera uku sai ka cire ɗan abokin wasanka guda, in kuwa ka jera huɗu ba ka ci komai ba. Gwani tun wurin dashe yake gama da kai, kai kana nan kana murna. Kuma babu jefa ƙwaya irin ta ludo, babu sa'a. Catan ɗinku da wani Bajamushe, Klaus Teuber, ya fitar a 1995, na zauna na kalle ku yau: Ummi ta fi kowa dabara amma ƙwaya ta ƙi ta, kai ka ci.

Ummi: Allah ya saka da alheri Baba, dama abin yana raina.

Sadiq: Tunda an zo maganar ƙwaya, ni fa ina da damuwa tun tuni. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi gargaɗi mai tsanani kan wasan nardu, kuma da ƙwaya ake yin sa. Ya kamata mu kai wa malamai tambaya kafin mu ci gaba da tara yaran mutane a kai.

Anti Hadiza: Tambaya ce mai kyau Sadiq, kuma ba a nan za a yanke ta ba. Ka rubuto ta yadda ya kamata a kai wa malami. Dara dai ba ta da ƙwaya.

Kabir Daura: Nura, ga abin da nake so ka gani. Ka ɗauki labarin garinmu. Baƙo ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka Daura da dare gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce rijiyar Kusugu sai Juma'a, saboda macijin da ke ciki. Rijiyar tana nan har gobe, ku zo in kai ku. Sannan ga Hausa Bakwai, kuma a yadda ake ba da labarin kowa da aikinsa: Kano da Rano sarakunan baban rini, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Ka gaya mini wannan ba wasan allo ba ne da aka riga aka tsara? Kowa ya ɗauki gari, ayari na tafiya tsakani, Bagobiri na tare hanya.

Ummi: Yaya Kabir, wallahi zan zana taswirar! Ina da kwali.

Anti Hadiza: A hankali dai. Wa zai ɗauki Zazzau, kuma me zai riƙa tarawa? Ba zan zaunar da yara suna cinikin mutane a kan kwali suna dariya ba. Sannan ina Biram a rabon nan?

Kabir Daura: Sai a ba Zazzau ganuwa da dawakin Sarauniya Amina. Biram kuwa mazaunin kaka ne, daga nan kowa zai fara.

Baba Malam: Ni abin da ban so shi ne a mayar da Daurama 'yar kwali ana turawa da yatsa. Akwai masarauta a raye da take ganin wannan tarihinta ne. A yi garuruwa da fatake, a bar sarakuna.

Nura: Kun ga dai duk kun dawo kan maganata. Sai yanzu za a zana. Da akwai shi da ba a ce za a yi ba.

Kabir Daura: A'a malam, ba haka ka ce ba. Cewa ka yi ba mu da labari kuma ba mu da wasa. Hau sama ka sake karantawa.

Nura: Na karanta. Na janye rabin farko saboda girman Baba. Rabin na biyu yana nan sai na ga dara da idona ta riƙe su Ummi awa biyu ba wanda ya taɓa waya.

Baba Malam: Asabar bayan la'asar, a ƙofar gidana. Ni zan haƙa gidajen. Kai ka zo da duwatsunka 12, kuma kada ka turo cewa mashin ya lalace.

Ummi: In zo da Catan ɗin ko in bar shi a gida?

Anti Hadiza: Bar shi. Kawo kwalin da fensir.