Mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba: wace waƙa ce ta fi ci?

Ɗan Zango: Salamu alaikum. Karin maganar yau ita ce "Mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba." Ina so mu gwada ta a kan gardamar da ta ƙi ƙarewa a fadarmu: wace waƙa ce ta fi kowace cin kasuwa a duniya? Littafin Guinness ya ba White Christmas ta Bing Crosby, wadda ta fito a 1942, an ƙiyasta ta sayar da kwafi miliyan 50. Yara kuwa sun ce ina, Blinding Lights ta The Weeknd ce, tunda a farkon 2024 ta haye sauraro biliyan 4 a Spotify, manhajar sauraron waƙa. To a nan su wa ne mutanen, su wa ne rumfunan?

Malamar Lakkol: Amin wa alaikumus salam. Ni a ganina wanda ya zaro kuɗi daga aljihu ya sayi faifai shi ne mutum. Spotify da ka saurari daƙiƙa 30 ya ƙirga maka ɗaya, ko da kana wanke-wanke ne salula na can tana kiɗanta. Mutum guda zai iya maimaita waƙa sau ɗari a wuni. Wannan ai rumfuna ne.

Baba Tela na Birni: 'Yata, kin ja maganar inda ba nan ta dosa ba. Mu da muka tashi muka ji ta, ana faɗinta ne idan aka yi shiri mai yawa ba a samu jama'a ba. A gina kasuwa da siminti, ranar ci ta zo ba kowa. Ko a yi girkin biki tukunya goma a rasa masu ci. Ba ta ce sai wanda ya saya ne mutum ba. Ki shiga Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, da yawa cikin masu yawon nan ko allura ba za su saya ba, amma su suka cika ta.

Malamar Lakkol: Baba, na yarda da asalinta. Amma ɗan kasuwa da yamma abin da ke cikin jaka yake lissafawa.

Akanta: Malama, su ma masu wannan sana'a sun san da matsalar, shi ya sa suka yi mata tiya. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, tana ɗaukar sauraro 150 daidai da sayen waƙa sau ɗaya. In ka auna biliyan 4 da wannan tiyar, zai ba ka wajen miliyan 27. Kun ga da adadin farkon 2024 na Spotify kaɗai bai kamo Bing Crosby ba, bai ma kamo Elton John ba, wanda waƙarsa ta ta'aziyyar Gimbiya Diana a 1997 ta sayar da miliyan 33. Sai dai miliyan 50 ɗin can ƙiyasi ne. Lokacin da ta fito ba a riƙe lissafi irin na yanzu, jadawalin Billboard Hot 100 ma, na waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka, sai 1958 aka fara shi. Don haka Guinness ya raba musu: tsohuwar ta fi ciniki a ƙiyasi, ta Elton John ta fi tun da aka fara ƙirga sosai.

Ɗan Zango: Yaya, to me ya sa Billboard ɗin ta ɗora Blinding Lights a kan duk waƙoƙin da suka taɓa shiga jadawalinta?

Akanta: Nasu awon daban ne, ƙanena. Ba kwafi suke tarawa ba, maki suke bayarwa kowane mako bisa matsayin da waƙa ta zauna, sannan su daidaita zamani da zamani. Ta yi mako 90 a jadawalin, shi ya sa a 2021 ta ture The Twist ta Chubby Checker, wadda ta hau na ɗaya a 1960 ta sake hawa a 1962. In kuma YouTube za ka bi, waƙar yara ce a gaba, Baby Shark. Ita ta fara kai kallo biliyan 10 a 2022.

Hajiya Mai Lalle: Wannan kam jikokina suna da hannu a ciki, Allah ya shirye su.

Mai Tura Waƙa: Ku bari in sa baki, don ni nake cikin rumfar. Mace za ta zo da katin salula ƙulle a bakin zane, ta kwance ta miƙo, ta ce a zuba mata waƙoƙin biki. In zuba mata ɗari biyu, ta ba ni dala ashirin. Ta je gida ƙanwarta ta kwashe ta Xender, maƙwabciya ta kwashe daga ƙanwar. Kafin Juma'a unguwa ta ɗauka, 'yan kabu-kabu na kiɗa ta. Wa ya ƙirga wannan? Mawaƙin ko dala bai gani ba, BNDA mai kula da haƙƙin mawaƙa ba ta san an yi ba. Mutane kam ga su nan, Baba, amma a jadawalin Turawa kasuwarmu ba ta ci ba.

Baba Tela na Birni: Yauwa ɗana, nan ne karin maganar ta zauna daidai. Mamman Shata ya rasu a 1999, har yau ka shiga tasha za ka ji shi. Arzikinsa ba daga kaset ya zo ba, masu kwafa ne suka ci wannan. A filin wasa ake masa liƙi, a ba shi riga, a ba shi mota. Makaɗan fadar Sarkin Damagaram ma haka suke tun kakanni, kyautar sarki da ta masu gari ce abincinsu.

Malamar Lakkol: To amma Baba, tambayar Ɗan Zango ta ciniki ce, ba ta farin jini ba. In farin jini ne ai Happy Birthday ta gama da kowa.

Akanta: Ita ma ta yi ciniki, Malama. Kamfanin Warner/Chappell ya yi shekaru yana karɓar kusan dalar Amurka miliyan 2 a shekara daga masu sa ta a fim da talabijin, sai a 2015 wani alƙali a Amurka ya ce ba su da haƙƙin baitocinta. Suka amince su mayar da miliyan 14. Kuma ba ta cikin jerin masu yawan faifai.

Hajiya Mai Lalle: Ni dai ban yarda a kira sauraron salula rumfa ba. Yarinyar da ta sayi kati ta ƙona shi kan waƙa ɗaya ai ta biya, sai dai kuɗin kamfanin waya ya ci.

Ɗan Zango: Hajiya kin buɗe wata sabuwa. Yaya Akanta, cikin wannan kuɗin katin akwai abin da ke isa hannun mawaƙi?

Akanta: Daga katin kansa babu. Abin da YouTube ke ba shi daga talla ne, tallar da ake nuna wa mai kallo a Nijar kuwa ba ta kai kuɗin wadda ake nuna wa na Faransa ba. Na tashi sallar la'asar, in na dawo mu ɗora.